Yadda Na Sauko da Malam daga Ƙasar Zuzumi

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin a taka, Ya ɗaga sama domin a kalla, Ya ba kifi ruwa, Ya ba tsuntsu fiffike, Ya ba ɗan Adam haƙoran tauna. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, mai surutu ya yi shiru, mai gyangyaɗi ya wanke ido, domin ni ba na maimaita magana.

Ni ce Gwamma 'yar Barmo, ta Unguwar Mahauta a garin Kurmin Dila. Mai gidana mahauci ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Malam nake ce masa, ku ma haka za ku ce. Mutum ne da Allah Ya yi wa jiki, turmi biyu ya fasa mini da zama a kai. Da shekaru suka ja, sai gwiwoyinsa suka fara ƙorafin kayan da aka ɗora musu. In zai tashi daga tabarma, har maƙwabta sai sun ji salati.

Ana nan sai wani mai tallar turare, wai shi Sallau, ya zauna a rumfar Malam ya cika masa kunne da labarin wata ƙasa a bayan Tafkin Zaƙi, inda tsofaffi ba su san ciwon gwiwa ba, domin da ƙyar ƙafarsu ke taɓa ƙasa. Washegari na dama kunu na kai ɗaki, na tarar babu hula, babu buta, babu Malam. Ya bar mini sallahu wurin maƙwabci wai in yi haƙuri, zai je ya dawo.

Na yi haƙurin. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi. Sai ga Sallau ya sake zagayowa da kwalabensa. Na tare shi a ƙofar gida da muciya a hannu.

"Ina ka kai mini mutum?"

"Iya, ai sai godiya. Na gan shi da idona. Ya yi kyau, ya yi fes, har an ɗaura masa igiya."

"Igiya? Ɗan akuya ne?"

"Girmamawa ce, Iya. A can in mutum ya yi sakayau har iska ta fara ɗaukarsa, sai a ɗaure shi a turke. Ranar bikin Yanke kuma a datse igiyar, ya yi sama."

"Ya sauko yaushe?"

Sallau ya hau gyaran murfin kwalba. "To, har yanzu dai ba a ga wanda ya sauko ba."

"Yaushe ne bikin?"

"In watan gobe ya kwana goma."

Ban tsaya yi masa abin da ya cancanta ba, babu lokaci. Na goya tukunya, na soke muciya a ɗamara, na ƙulle garin dawa da kuka da daddawa, na ce wa surukata ta kula da kaji, na kama hanya.

Kwana ashirin ina tafiya na shiga Dajin Mabiya. Itatuwan dajin nan ba su da aikin yi sai bin baƙo. Kana tafiya suna tuge saiwa suna biye da kai, wai inuwa suke yi maka. Ka waiwaya ka ga hanyar da ka biyo ta ɓace, ka duba gaba ka ga wani ƙaton gamji ya tsuguna a tsakiyar hanya kamar tun can a nan ya tsiro. Tun hantsi nake zagaye wuri ɗaya. Da na gaji, na sauke kaya, na kama ƙugu, na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya, na ɗaga murya:

"Wannan zai yi turmi. Wancan siririn taɓarya biyu zai fitar. Ke kuma mai faɗin nan, akushi shida da kujerar tsakar gida. Bari dai masassaƙan da ke bayana su iso."

Ban rufe baki ba dajin ya watse. Har wata tsohuwar kuka na hango tana ɗingishi tana haɗawa da gudu. Hanya ta fito fetal.

Daga nan na isa Dutsen Gardama, wanda ya toshe bakin kwari, ba ya matsawa sai an kayar da shi a magana. An ce akwai masanan da suka yi wata guda a gabansa suka koma gida da ciwon maƙogwaro. Ya ce mini, "Tsohuwa, wanne ya riga zuwa duniya, tambaya ko amsa?"

Na ce, "Kai dai ka ji kunya. Ƙato da kai ka zauna a hanyar mutane, gansakuka ta cinye maka baya, ƙadangaru sun mai da kai masai, ba ka share gabanka ba, ba ka yi wa baƙo sannu da zuwa ba, wai kai mai tambaya."

Na ɗora daga nan. Ban numfasa ba sai da rana ta take tsaka. Dutsen ya ce, "Wuce, don girman Allah wuce," ya tsage gida biyu.

Saura kwana uku biki na iso bakin Tafkin Zaƙi, wanda ruwansa ke da ɗanɗanon rake. Mai fiton wurin wani dunƙulallen mutum ne, sunansa Cindo, jirginsa kuwa ɓarin wata ƙatuwar ƙwarya ce da za ta ci mutum goma. Ya dube ni, ya dubi tukunyar da na goya, ya yi dariya har ƙwaryar na rawa.

"Zuzumi ya ziyarce ki, Iya."

"Wane ne kuma Zuzumi? Ban san shi ba, kada ya zo mini."

"Tsuntsu ne, Iya. Shigo in gaya miki." Na shiga, ya fara tuƙi. "Daga ƙarar fiffikensa aka samo sunan, zuuu, zuuu, kamar ana murza mazari dubu. In kin haye, kalmar da za ki fi ji ke nan. Da ita ake gaisuwa, da ita ake sallama. Wanda ya yi abin kirki a ce masa, kai zuzumi ne. Budurwa in ta yi kyau a ce ta zuzumce. In wani ya ce miki zai dawo kafin zuzumi ya kaɗa, to yanzu-yanzu yake nufi. Har rantsuwa da shi suke yi."

"Allah Ya shirye su. Zagi fa?"

"Zagi ɗaya ne a duk garin: mazauni. Ni ke nan. Tuƙin ƙwarya ba ya yiwuwa a tsaye, shi ya sa aka bar ni a bakin ruwa. Ni kaɗai ke da murhu a ƙasar nan."

"Su da me suke dafa abinci?"

"Ba sa dafawa. A wurinsu zuzumi ba ya zama, ba ya cin komai sai ruwan fure, shi ya sa ya fi kowace halitta. Don haka su ma suka bar zama, suka bar tauna."

"Kai ka taɓa ganin abu mai rai da ba ya zama?"

"Ni dai mai fito ne, Iya."

Na haye, na kuwa ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Furanni ja jawur masu tsawon kakaki sun rufe gari, suna reto daga kowace katanga. Babu kujera, babu tabarma, babu turmi, babu hayaƙi ko na magani. Mutane sirara kamar tsinken tsintsiya suna tafe a kan yatsun ƙafa, kowa da ɗan karan tsotso a bayan kunne. Ya tsaya gaban fure, ya zura, ya tsotsa, ya yi gaba. Mai kitso na rawa, wadda ake yi wa kitson na rawa, alƙali na yanke hukunci yana ɗan tsalle. Wata mata ta tare ni da fara'a ta miƙo mini kara, wai baƙuwa ta zuzumta. Na tsotsa don kada in ba ta kunya. Ruwa ne mai zaƙi, shi ke nan. Na ce mata, "To, na wanke baki. Ina abincin?" Ta yi dariya har ta ɗan tashi sama, sai da ta riƙe katanga.

Ga kuma tsuntsayen. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba. Duk girmansa bai wuce babban yatsana ba. Baki kamar allura, wuya na walƙiya, in ya juya nan kore, in ya juya can ja. Ya so ya yi kama da ɗan tsuntsun nan namu mai shan furen kauci, sai dai wannan tsayawa yake cak a cikin iska kamar an rataye shi da zare, fiffiken ba ka ganinsa don sauri. In ya gama da fure kuma ba ya juyawa, da baya-baya yake fita kamar suruki mai kunya. Dubbai ne, ƙararsu ta cika gari, har cikin haƙora kake jin ta.

Na tambayi inda ake ɗaure mutane, aka nuna mini Filin Igiya. Na tarar da turke ya kai arba'in, kowanne da igiya ta miƙe sama, a ƙarshen kowace igiya mutum na lilo. Fuskoki sun yi mini nisa, sai na bi layi ina duba tafin ƙafa. Ban daɗe ba na ga fason da na sani.

"Malam!"

Ya leƙo. Rigar da a da ba ta rufe masa ciki, yanzu kaɗawa take kamar shanya. "La'ilaha! Gwamma? Zuzumi ya ziyarce ki!"

"Ya ziyarci wanda ya aiko shi. Sauko."

"Ba na iyawa," ya ce yana washe baki. "Ke dai duba!" Ya wuntsila a iska sau biyu, ya yi iyo da hannu, hularsa ta faɗo na cafe. "Gwamma, gwiwa ta daina! Rabona da ita tun damina. Nan da kwana uku za a sake ni in tafi."

"Ka tafi ina? Wa ka sani a saman? Me za ka ci? Sallar ma da wane goshi kake taɓa ƙasa?"

"Ana jawo ni in lokaci ya yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ke ba za ki gane ba. Zuzumi ba ya zama, ba ya tauna, ki dubi yadda Allah Ya yi shi."

Na kama igiyar na jawo shi kamar guga. Nauyinsa bai kai na zakara ba. Na kwance ƙullin daddawa na kai masa hanci. Idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaronsa ya motsa, amma ya kau da kai. Komai nasa ya rame ban da taurin kai.

"Ranar da na ga zuzumi a zaune da idona," in ji shi, "ranar zan zauna in ci duk abin da kika tuƙa. Kafin nan sake ni, kina ba ni kunya a gaban abokai."

Ina shirin ba shi amsa sai ƙarar nan ta ɗauke ɗif. Gari ya yi tsit. Nan take kowa ya runtse ido, na sama da na ƙasa, suka sa tafin hannu suka rufe fuska. Malam na raɗa mini, "Rufe ido, Gwamma, rufe! Sun hau sama ɗebo haske. Wanda ya kalla makancewa zai yi!"

Ni kuwa idon da ya sha hayaƙin ɗanyen itace shekara hamsin bai makance ba, ba tsuntsu ne zai makantar da shi ba. Na buɗe shi tar.

Ba inda suka hau. Zama suka yi. Kowane reshe, kowace katanga, kowace igiya, ga su nan jere, sun saki ciki, sun kumbura kamar curin auduga. Wani na susa da ƙafa. Wani na hamma. Biyu na faɗa a kan reshe ɗaya alhali ga rassa nan birjik. Wani kuma, ina kallonsa, ya matsa ga saƙar gizo-gizo ya dinga tsince ƙananan ƙwari yana haɗiyewa, ya gama ya goge baki a reshe. Da suka huta son ransu suka tashi gaba ɗaya, zuuu, mutane suka buɗe ido suna ta faɗin, "Barkanku da saukowa, barkanku da saukowa."

Ashe haka ake yi sau ashirin a yini, tun kakannin kakanni, ba a taɓa samun wanda ya saci kallo ba.

Dariya ta kama ni har na zauna daɓas a ƙasa. Zaman nan shi ya jawo mini. Fili ya ɗauki ihu, "Mazauniya! Mazauniya!" Sai ga wata doguwar tsohuwa ta taho, almakashin azurfa rataye a wuyanta, duwatsu ɗaure a idon sawunta don kada ita ma ta tashi. Ita ce Uwar Igiya, mai datse igiyoyi ranar biki.

"Baiwar Allah, tashi. Ba a yin wannan a nan."

"Yaya," na ce mata, don ta girme ni, "tsuntsayenku zama suke yi. Yanzu na gani. Har nama suke ci."

"Kin kalla?"

"Da ido biyu."

"To kin makance ke nan."

"Ga ki nan ina gani, har da ɗan gashin da ke haɓarki."

"Irin abin da makanta ke nuna wa mutum ke nan," ta ce cikin tausayi. "Ku kai ta wurin ɗan'uwanta mazauni."

Mutum takwas suka taru su ɗaga ni, suka kasa. Na bar su sai da suka gaji, sannan na tashi don kaina, na kakkaɓe zane, na koma bakin tafki.

Kwana biyu ina zaune a bukkar Cindo ina juya abin. Magana ba za ta buɗe idon Malam ba, na san kayana. In na ce buɗe, ƙara matsewa zai yi. In na ce ga maciji, zai ce maciji ba ya hawa iska. Ina zazzage ƙunshina neman kanwa sai ga wuƙar Malam ta fawa ta faɗo, wadda na ɗauko saboda 'yan fashin hanya. Wuƙar nan gadon ubansa ce. Ba ya bari a yanka ko albasa da ita. Dutsen washinta daban, tsumman gogarta daban, ranar da na ɓare goro da ita sai da muka yi mako ba ma magana. Na juya ta a hannu, na sake juyawa, na ce, "Cindo, nemo itace."

Ranar biki da sassafe na tuƙa tuwon dawa mai tauri, irin wanda in ka jefi bango da shi bangon ne zai ji jiki. Na kaɗa miyar kuka, na zuba daddawa ba tausayi, Cindo ya kawo busasshen kifi. Na mulmula tuwon loma-loma, na juye miyar a kai cikin tukunya ɗaya, na rufe, na goya, na lulluɓa mayafi. Na shiga gari a kan yatsun ƙafa ina 'yar rawa kamar kowa. Allah Ya yafe mini wannan rawar, ƙuguna dai bai yafe ba.

Fili ya cika maƙil. Ka'idar bikin ita ce a jira ƙara ta ɗauke, a rufe ido, da zarar tsuntsaye sun tashi Uwar Igiya ta bi layi tana datsewa, wai mutanen su bi sawun zuzumi. Malam ne na farko a layi, don an ce ba a taɓa ganin wanda ya zuzumce da sauri irinsa ba. An yi masa ado da furanni har a kunne. Na kutsa na tsaya gindin turkensa, kusa da wani baƙin dutse mai kaushi.

Ƙara ta ɗauke. Kowa ya rufe ido. Wani ɗan zuzumi mai jan wuya ya sauka a kan igiyar Malam, taƙi ɗaya daga hancinsa, ya saki ciki.

Na zare wuƙar, na kafa kaifinta a kan dutsen, na ja. Ƙiiii. Na sake ja a karkace, yadda ko mahaukaci ba zai wasa wuƙa ba. Ƙarrr. Na ɗaga na sari dutsen. Ƙwal!

"Kai! Wane mara mutunci ne... Wannan ai wuƙata ce! Ke Gwamma, kaifin! Kaifin kike..."

Ya tsaya. Ido a buɗe, baki a buɗe. Shi da zuzumi suna kallon juna. Tsuntsun ya karkata kai, ya ga wani ɗan sauro na wucewa, ya cafe, ya haɗiye.

"Nama," in ji Malam. "Nama ya ci. Kuma a zaune!" Sai ya kwarara ihu irin na ranar kasuwa: "Jama'a, a zaune suke! Ku buɗe ido! Wallahi har da mai gyangyaɗi!"

Ihun nan ya firgita tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, zuuu. Uwar Igiya kuwa ƙarar kawai take jira. Ko ba ta ji abin da ya ce ba, ko ta ji ta ƙi, oho. Ta sa almakashi ta datse.

Igiya ta zame ta gabana kamar wutsiyar maciji. Na yar da wuƙa, na daka tsalle na cafke, na naɗe a hannu. Na ɗauka nauyina zai riƙe shi. Ban san iskar ranar biki ba, wadda ke tasowa daga bayan gari da ƙarfin gaske, ashe saboda ita aka zaɓi ranar. Ta cika rigar Malam kamar buhu, ta fizge shi, ta fizge ni, ni da tukunya da muciya. Kafin in gama innalillahi, tsakiyar kawunan mutane nake kallo.

"Gwamma, kada ki saki!"

"Da zan saki, da tun shekara arba'in na saki. Buɗe baki!"

Na ɗaure igiyar a ƙugu, na juyo da tukunya gaba, na ciro loma, na auna, na jefa sama. Ta farko ta same shi a ido. Ta biyu ta wuce ta faɗa a kan wani makaɗi a ƙasa, na ga ya lasa, ya waiwaya, ya sake lasa. Ta uku Malam ya cafe da baki, ya haɗiye ba tauna. Muka yi ƙasa da kamu ɗaya, har cikina ya ji.

"Ƙaro!"

"Ka yi bismillah, ba a daji aka haife ka ba."

"Bismillahi, ƙaro!"

Haka muka ratsa saman gari, ina jifa yana cafewa, miya na ɗiga a kan rufin mutane. Tsuntsayen suka biyo mu suka kewaye mu, ja da kore ko'ina kamar an watsa duwatsun wuya a iska. Wani ya tsaya cak a gaban hancina yana leƙen tukunya, na ce, "Kai ka ci naka, matsa." A ƙasa kuwa fili ya hargitse. Sauran na kan igiya suna ihu kada a datse su sai sun gani da idonsu, wasu na jawo kansu ƙasa hannu bi hannu, mata uku sun riƙe Uwar Igiya tana fizge-fizge. Ni kuwa, Allah Ya gani, dariya nake yi. Zanena na kaɗawa, ɗankwalina ya tafi inda ya tafi, ina lilo a ƙarƙashin mijina kamar tulu a rijiya, na kasa daina dariya.

Iska ta kai mu kan tafki. Muna daidai tsayin giginya biyu sai hannuna ya taɓa gindin tukunya. Gabanmu tsaunuka, bayan tsaunuka babu komai sai shuɗi.

"Ya ƙare, Malam."

"Ƙanzo fa?"

Kun ji mutumin da ya ce ya bar tauna. Na sa muciya na kankare ƙanzon, na haɗa shi da sauran daddawa da kan kifi, na dunƙule ya kai girman ƙwan jimina. Iska na ta juya mu kamar mazari.

"Wannan kaɗai ya rage," na ce. "In ka bari ya wuce, sai dai mu riƙa gaisawa da jikokinmu daga gajimare."

Na jefa. Ya yi hagu. Malam ya miƙa wuya, ya miƙa hannu, ya wuntsila, ya cafke shi a ƙirji. Wannan karon sai da ya tauna, ina jiyo shi daga ƙasa, ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Muka fara saukowa a hankali, daga baya kuma ba a hankali ba. Cindo na ƙasa yana tuƙi iya ƙarfinsa yana bin inuwarmu. Ni na fara faɗawa cikin ƙwaryar, tukunya ta biyo ni, sannan Malam ya faɗo a kanmu duka.

Ya ja jiki gefe, ya cire fure daga kunne, ya naɗe ƙafa ya zauna. Ya yamutsa fuska ya dafa gwiwa, ya dube ni, ya ga irin kallon da nake yi masa, ya haɗiye abin da ya so faɗa.

"Ina wuƙata?" ya ce maimakon haka.

"Tana gindin turke. Koma ka ɗauko."

Ya waiwaya. A bakin ruwa mutanen garin sun fara taruwa, wasu sun tsuguna a karkace irin na wanda bai taɓa yi ba, makaɗin nan na ɗaga mana hannu yana tambayar sunan abin da ya faɗo masa a ka.

"A bar musu," in ji Malam. "Za su buƙace ta."

Cindo ya juya ƙwarya ya nufi gacin da na fito. Ba mu yi nisa ba na ji ruwa na taɓa mini zane. Na duba, ashe ƙwaryar ce ta karkata, gefen da Malam ke zaune ya nutsa har ruwa na shigowa.

"Iya, ce masa ya matso tsakiya, za mu kife!"

"Bar shi," na ce.

Na ɗauki murfin tukunya na fara kwarfe ruwan. Har muka kai gaci ina kwarfa, ban ce ya motsa ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda bai yarda ba, hanya tana nan inda na bar ta.